Kafson da Umma ta Ajiye

Tun kafin ta sa takalmi Auta ta gama yanke shawara: ba za a ƙara ɗaura mata jan ruwan nan ba.

Sau uku ta zauna a kujerar asibiti aka tura mata shi ta jijiya. Likita ya ce sai an yi shida kafin a ce an gama da dajin da ya fito mata a mama, ya kuma gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa rabin magani ba ya kashe shi, kwantar da shi kawai yake yi. Ta ji, ta kuma gane, don ba ta cikin masu gyaɗa wa likita kai su fito suna tambayar me ya ce. Duk da haka ta ce ukun da suka rage su zauna inda suke.

Ba zubewar gashi ce ta kai ta nan ba. Ranar da ya fara bin matashin kai, da kanta ta ɗauki reza ta ƙarasa shi, ta kalli madubi ta ce ashe kanta mai kyau ne, shekara talatin ana ɓoye shi. Allura ma ba ta dame ta ba, haka kallon tausayin da maƙwabta ke yi mata a bakin ƙofa. Amai ne ya gama da ita. Ranar ƙarin ruwan garau take komowa gida. Washegari har ta wanke kofinta ta amsa wayar abokan aiki. Rana ta uku da hantsi sai ya iso, ya durƙusar da ita gaban wata shuɗiyar roba kwana uku cur, har ya zama ba abin da ke fita sai ruwa mai ɗaci, haƙarƙarinta kamar an tattaka. Ƙamshin sabulu ya zame mata abokin gaba. Tun daga zagaye na farko ko ganin ƙwayar magani ta yi sai zuciyarta ta tashi, don haka rufe ido take yi ta miƙa tafin hannu, Umma ta zuba mata na safe gaba ɗaya, ta watsa a baki ta kora da ruwa.

Shekara shida Auta tana aiki a ɗakin gwajin ruwan sha, tsakanin kwalabe masu lamba da farar riga. Ta san ƙa'ida. An ba ta maganin hana amai iri uku a zagaye uku, sau ukun ta yi aman. A wurin aikinsu in abu ya faɗi gwaji sau uku, rubutawa ake yi ya faɗi, a rufe fayil.

"To ki kira likitan a waya mana," in ji Umma, mahaifiyarta, tana cusa flas da tawul cikin babbar jakarta. "In ba za a yi ba, wahalar hanyar ta mece ce?"

"In kashe waya in ɓuya kamar wadda ta yi sata? A idonsa zan gaya masa, Umma. In sa hannu a takardarsu in fito da ƙafafuna."

"Ke dai kin ɗauko uban naki, taurin kai har a ciwo."

"Ai ke kika zaɓe shi."

Umma ba ta yi dariya ba. Ta tsaya gaban kabet ɗin falo tana gyara mayafi a jikin gilashinsa. A cikin kabet ɗin akwai kofuna shida masu bakin zinariya waɗanda suka girmi Auta, ba a taɓa shan ko ruwa da su ba. A ƙasansu tawul biyu suna cikin ledarsu, da zanen gado da ba a taɓa warwarewa ba. Duk abu mai kyau da ya shigo gidan nan, can yake ƙarewa. In an tambaye ta sai ta ce ranarsa ba ta zo ba.

Ɗakin ƙarin ruwa yana hawa na biyu, kujeru takwas a jere, kowace da ƙarfen rataye leda a gefenta. Nas ta ce likita yana tiyata, sai an jira, don haka Auta ta zauna a benci kusa da ƙofa ta ɗora jaka a cinya, yadda kowa zai gane ba zama ta zo yi ba.

"A'a, Farfesa! Yau a bencin baƙi?"

Mai Kitso ce, wata mata mai jiki da murya, wadda ta shekara ashirin tana kitso kafin ciwo ya kawo ta ɗakin da babu mai gashi ko ɗaya. Takan ce Allah ya haɗa ta da kwastomomin da ba su da aiki. A kujerar gefenta Direba ne, dattijo siriri da ya yi rayuwarsa yana jan babbar mota, yanzu ana ɗaura masa nasa ruwan saboda hanji.

"Na gama, Anti," in ji Auta. "Sallama na zo yi."

"Kin gama da na uku? Ashe boko ya fara rage lissafi."

"Aman ne. Duk maganinsu na gwada, babu mai aiki."

Nan fa aka taɓo musu inda suke so. A ɗakin nan ba mai kiran magungunan hana amai da dogayen sunayensu, kowanne da sunan da aka raɗa masa. Akwai Ɗan Fari, ƙaramar ƙwaya da ake ba kowa. Akwai Sarkin Barci. Akwai kuma 'Yan Uku, kafso uku a kati ɗaya, babban a sha a asibiti kafin a ɗaura ruwa, ƙananan biyu a gida, washegari da jibi.

"Ɗan Fari kam na yarda," in ji Mai Kitso. "Ya tsare maka sama, ya kuma tsare maka ƙasa. Kwana biyar ina shiga banɗaki ina fitowa kamar mai zuwa gaisuwa. Amma 'Yan Uku? Kar ki zage su a gabana. Su suka mayar da ni mutum."

"Ƙarya take yi, 'yata," Direba ya ce ba tare da ya buɗe ido ba. "Sarkin Barci shi ne magani. Ka sha ka kwanta, aman ya zo ya tarar ba kowa a gida."

"Kai da ma barcin kake nema. Allah kaɗai ya san yadda ka kai mota ko'ina."

"Ni dai ban taɓa yi wa kowa kitso ya kwana bai runtsa ba."

Auta ta so ta yi shiru, amma halinta bai bar ta ba. "Ku biyun duk ba gwaji kuke yi ba. Ruwan da ake ɗaura muku daban, jikinku daban, shekarunku daban. Ni kuwa jiki ɗaya, ruwa ɗaya, magani uku. Nawa ne gwaji."

"To Allah ya ba da haƙuri, Farfesa," in ji Mai Kitso. Sai ta sassauta murya. "Amma kujerar nan ta kusa da taga taki ce. Ba zan bari a ba wani ba sai na ga kin sauka bene."

Nas ta dawo da fayil a hannu. Ta ce kafin likita ya fito, duk wanda ya ce magani bai yi masa ba sai ya fara biyawa ta wurin Mai Magani, haka tsarin yake. Auta ta ce ba ta ga amfanin hakan ba. Nas ta ce ita ma ba ta ga amfanin tsayuwa tun safe ba, amma ga ta a tsaye.

Mai Magani doguwar mata ce mai furfura a gefen kai, gilashinta rataye da zare a wuya. Maimakon ta yi musu magana ta taga, sai ta buɗe ƙofa ta sa su zauna tsakanin kantoci masu cike da kwalaye. Ta saurari Auta har ƙarshe, har da dogayen sunayen magungunan da Auta ta jero da gangan don a san da wa ake magana.

"Madalla," ta ce. "Ina katunan?"

"Waɗanne katuna?"

"Fankon da kika ɓare maganin daga ciki. Ni ba na yanke wa magani hukunci sai na ga fankonsa."

Auta ta yi murmushin da ba na daɗi ba. "Ai kin zo gidan sauƙi. Umma ba ta yar da komai. Umma, ba ta."

Umma ba ta motsa ba. Ta riƙe bakin jakar da hannu biyu.

"Umma?"

A hankali ta zuge jakar, ta ɗaga tawul, ta fito da wani ƙaramin gwangwanin alewa da Auta ta sani tun tana firamare, wanda ake ajiye maɓallai a ciki. Mai Magani ta sa gilashinta ta buɗe shi, ta shimfiɗa katunan a kan tebur ɗaya bayan ɗaya. Na Ɗan Fari fanko ne tas. Na 'Yan Uku kuwa, gurbin babban a ɓare, gurbin na biyu a ɓare, na ukun yana nan kwance a cikin ledarsa, ko taɓa shi ba a yi ba.

Mai Magani ta ɗora yatsa a kan gurbi na biyu.

"Mama," in ji Mai Magani, ba faɗa a muryarta, "wannan na biyun, yaushe kika ba ta?"

"Ranar da abin ya taso."

"Ba washegari da safe ba?"

"Washegari ai lafiyarta ƙalau. Tana ta waya tana dariya." Umma ta kalli tebur. "Likita ya ce wannan shi ne mai ƙarfin. Guda biyu kacal aka ba mu. Na ce in na ba ta ranar da take lafiya, me zan ba ta ranar da take mutuwa a hannuna?"

"Da kika ba ta fa?"

"Ko minti biyar bai yi ba ta dawo da shi. Na gan shi a robar ɗungurungum, ko narkewa bai yi ba. Sai na ce to wannan na ƙarshen ba zan yi asararsa ba, in ajiye ko wata rana za ta fi wannan muni."

Auta ta ƙura wa kafson ido. Kwana uku a durƙushe, tana roƙon Allah ya ɗauki ranta ta huta, ashe maganin yana cikin gwangwanin maɓallai, taku huɗu daga inda take.

"Umma, magani ne fa! Ba kofin baƙi ba ne! Komai sai kin ajiye, komai ranarsa ba ta zo ba. Ni ma da za ki iya da kin sa ni a kabet kin rufe!"

"Da zan iya, wallahi da na sa ki," in ji Umma a hankali, ta sa gefen mayafi ta share ido.

Mai Magani ta tura katin 'Yan Uku gefe. Sannan ta ɗago kati na ƙarshe, na Sarkin Barci, wanda aka bayar a zagaye na biyu. Gurbi huɗu ne, ɗaya kawai aka ɓare.

"Wannan fa, Mama? Shi ma ajiyewa kika yi?"

"Wannan ba ni ba ce," Umma ta ce da sauri, har muryarta ta ɗan dawo. "Tambaye ta."

Auta ta kalli katin. Ta tuna. Ta sha guda ɗaya, ta yi barci tun magariba har rana ta take, ta farka harshe ya yi mata nauyi, Umma na cewa an kira daga wurin aiki sau biyu. A ranar ta ce a cire mata shi daga cikin na kullum, ita ba buhu ba ce da za a jingine a lungu. Da likita ya tambaye ta kuwa, cewa kawai ta yi bai yi aiki ba.

"Ya mayar da ni kamar gawa," ta ce, amma muryar ba ta fita da ƙarfin da ta so ba.

"Yana yin haka. Da kin faɗa, da likita ya duba ko a rage shi." Mai Magani ta cire gilashin. "An ce a gwajin ruwa kike aiki. In an kawo miki kwalba uku, ɗaya an zubar da rabi a hanya, ɗaya ba a buɗe ba, me za ki rubuta?"

Auta ta kalli katunan. Ba ta taɓa jin kunya irin wannan ba, kuma ba wanda ya ɗaga mata murya.

"Gwaji ya ɓaci," ta ce. "A sake ɗebo ruwa."

"To. Guda ɗaya kika gwada da gaske, Ɗan Fari, kuma ya yi abin da ya iya. Shi ƙarfinsa a ranar farko yake, shi ya sa kike komawa gida garau. Aman da ke zuwa daga baya ta wata hanya yake bi, ita 'Yan Uku suke tarewa, amma sai sun riga shi isa. Maganin da kuke zubawa a tanki, kafin mutane su sha ake zubawa ko bayan ciki ya ɓaci?"

"Kafin."

"Haka wannan. Su ukun nan ba kokawa suke yi da juna ba, da za a ce wane ya kayar da wane. Kowanne da ƙofar da yake tsarewa, sau da yawa ma tare ake haɗa su." Ta juya ga Umma. "Mama, ba ke kaɗai ba ce. Na ga iyaye da yawa sun yi haka, shi ya sa nake neman fanko. Laifinmu ne da muke cewa mai ƙarfi ne mu yi shiru. Ranar da take dariya a waya, ita ce ranarsa."

"Kin tabbata ba zan yi aman ba?" in ji Auta.

"A'a. Ban tabbata ba. Wasu yana ɗauke musu gaba ɗaya, wasu ya rage, kaɗan kuma sai mun sake lale. Abin da na tabbata shi ne ba ki sani ba tukuna."

Wannan kalmar ce ta kama ta. Da an lallashe ta da ta miƙe ta tafi. Da an tsorata ta da mutuwa da ta sa hannu a takardar tana kallon idon mai tsoratarwar. Amma a ce ba ta sani ba, kuma ya zama gaskiya, wannan ba za ta iya sauka bene da shi ba.

Da likita ya fito ya ji bayani, ya rubuta ukun tare, Sarkin Barci an rage shi. Auta ta shiga ɗakin ƙarin ruwa ta wuce benci, ta zauna a kujerar kusa da taga ta nannaɗe hannun riga.

"Sallamar ce haka?" in ji Mai Kitso.

"Kar ki yi murna, Anti. Ban sauya ra'ayi ba. Gwajin farko ne ya ɓaci, maimaitawa zan yi. In ya faɗi da gaskiya, kujerar taki ce."

"Ni me zan yi da kujera biyu? Kin ga na yi kama da mai ƙiba?"

Direba ya yi dariya har ledar ruwansa ta girgiza.

Washegari da safe Umma ta zo da kofin ruwa da magunguna a tafin hannu, ta tsaya tana jiran a rufe ido. Auta ta ce a zuba su a faranti. Ta kalle su ɗaya bayan ɗaya, zuciyarta na tashi tana danne ta, ta ƙirga, ta ɗauki katin 'Yan Uku ta ɓare kafson da yatsanta. Umma ta bi shi da kallo har ya shiga baki, kamar mai kallon ana fasa sabon kwano.

"Ga ki lafiya lau," ta ce, ba ta iya riƙewa ba.

"Shi ya sa, Umma."

Rana ta uku ta waye. Auta ta sha kafso na ƙarshe, ta miƙa wa Umma katin fanko, Umma ta jefa shi cikin gwangwani. Tun ƙarfe tara aka ajiye shuɗiyar robar a gefen kujera, da tawul a kai. Umma ta ɗauko wake tana tsincewa, amma idonta ba ya kan waken.

Wajen sha ɗaya ya zo. Auta ta ji shi kamar yadda ta saba, nauyi a ƙasan ƙirji, yawu ya tsinke a baki. Ta gyara zama ta kama hannun kujera, ta ce masa a ranta, to bismilla, ga ni. Ya taso har maƙogwaro, ya tsaya. Ta ja numfashi ta hanci. Ya yi ta kai-komo kamar baƙon da ya tarar da ƙofa a rufe, sannan ya koma ya zauna can ƙasa, bai tafi ba, bai kuma hau ba. Sha biyu ta yi. Ɗaya ta yi. Robar tana nan a bushe, tawul ɗin a ninke.

Bayan azahar Auta ta ji wani abu da ta manta kamanninsa, har sai da ta saurara ta tabbatar.

"Umma, akwai burodi?"

Umma ta ajiye farantin waken ta miƙe ba ta ce komai ba, kamar mai tsoron kada magana ta kore shi. Auta ta ji ƙarar butar shayi a kicin. Sannan ta ji wata ƙara da ba ta taɓa ji a gidan nan da rana tsaka ba, mukulli yana juyawa a kabet, gilashi yana ƙara.

Shayin ya zo a kofi mai bakin zinariya, an ɗauraye shi amma har yanzu da ɗan warin katako. Auta ta kalli kofin, ta kalli mahaifiyarta.

"Baƙi za mu yi?"

"Sha kafin ya huce, uwar surutu."

Ta gutsiri burodin ta tsoma, ta ci a hankali, loma uku, huɗu, tana jiran cikinta ya yi gardama. Bai yi ba. Ta kurɓi shayin. Bakin kofin siriri ne, ya fi na kullum daɗin sha nesa ba kusa ba, shekara talatin da wani abu ba wanda ya sani.

"Miƙo min katin asibitin nan," ta ce. "Ƙarin ruwa na biyar ɗin, Talata suka rubuta ko Laraba?"